Ƙofar da Aka Buɗe wa Ja'afar Iliya

Mu na Allah ne, kuma gare shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran aminina Ja'afar Iliya Gusau a nan Alƙahira. Ya yanke jiki ya faɗi a wani filin wasa da ke bayan unguwar Ainu Shams, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Ya bar matarsa Sulafa da 'yarsu Shahd. Ni kuma ya bar ni ina rubuta abin da na ɗauka shi zai rubuta a kaina, don ni ne mai hawan jini da suga, shi kuwa ko mura ba ta cika kama shi ba.

Ja'afar, bari in yi maganar da kai, don har yanzu bakina ya ƙi sabawa da cewa marigayi.

Jirgi ɗaya ya kawo mu karatu, ɗaki ɗaya muka kama a saman wani tsohon bene a Darrasa. Ba ka son hawa matakala, don haka idan ka fita da makulli sai ka tsaya a titi ka kira sunana, in leƙo, ka wurgo min shi daga ƙasa ya faɗo cikin tafin hannuna. Wata rana wani ƙaton Bamisire mai gidan burodi a ƙasan benen ya ga jifar, ya bar ciniki ya riƙe maka hannu yana jujjuya shi. Sunansa Osama. Shi ya ja ka zuwa zari-ruga irin ta Amurka, wasan da wasu samarin garin nan ke yi da hular kwano da ƙwallo mai siffar gwanda. Na yi maka dariya har na gaji. Na ce mun zo neman ilimi, kai ka je ƙatti su riƙa danne ka a ƙasa.

Ga wanda bai san wasan ba, Ja'afar shi ne mai jifa, wanda suke kira kwatabak. Shi ke faɗa wa kowa inda zai ruga, shi ke jefa ƙwallo. A gabansa akwai layin manyan mutane masu tare masa abokan hamayya, Osama ne a tsakiyarsu. Aikin Osama shi ne ya sunkuya, ya miƙa ƙwallon baya ta tsakanin ƙafafunsa zuwa hannun mai jifa, sannan ya miƙe ya tare duk mai zuwa. Ba ya waiwaye. Ba ya ganin fuskar wanda yake miƙa wa. Abin da ya sani kawai murya, da bayan hannun da ke taɓa shi. Haka suka yi shekaru masu yawa, har furfura ta fara fito musu.

Wasan bai taɓa ci da kai ba. Tafinta kake yi wa mutanenmu da ke zuwa asibiti daga gida, kuma ka mayar da aikin ya wuce tafinta. Na tuna wata tsohuwa daga Funtuwa da aka yi wa aikin ido, ta ƙi cin duk abincin da aka ba ta, ka sa Sulafa ta dama mata kunun tsamiya, ka ɗauko shi a jirgin ƙasa har gefen gadonta. Na tuna Abel, ma'aikacin ofishin jakadancinmu, da mahaifinsa ya kwanta ciwo, kai ne ka riƙa ɗaukar dattijon a baya kana hawa da shi bene. Ba ka taɓa ba ni labarin ba, Abel ne ya faɗa min ranar makokinka yana share hawaye.

A fili ma halinka ke nan. Idan ka jefa ƙwallo mai kyau yaro ya kasa kamawa, kafin kowa ya buɗe baki sai ka bugi ƙirji ka ce laifinka ne. Na tambaye ka dalili, ka ce yaron da aka zaga yau gobe hannunsa rawa zai yi. Idan kuka ci wasa, ba ka zuwa ko'ina sai ka tattara ƙattin layin nan ka kai su gidanka a Ainu Shams. Ka ce wanda ya sha duka dominka shi ya kamata ya fara cin abinci. A nan Misirawa suka koyi tuwo miyar kuka. Osama yana ci yaji na sa shi hawaye, yana miƙa kwano a ƙara masa.

Sai bara da zafi, mai horar da ku, Kabtin Alaa, ya kira ka gefe. Ba zan yi masa sharri ba, da ladabi ya yi maganar. Ya ce kafaɗarka ta yi nauyi, ƙafarka ta mutu, kuma sun sami matashi mai gudu. Ya ce ka dawo gefen fili ka riƙa koyar da yara. Ka ce masa ba ka gama ba. Ka ɗauki hular kwanonka ka fita, babu wanda ya biyo ka.

Daga ranar ban sake ganin Ja'afar ɗin da na sani ba. Ka rataye tsohuwar taya a saman rufin gidanku, kullum bayan asuba kana jifa ta cikinta, kana zuwa kana ɗaukowa da kanka. Ka bi ƙungiyoyin garin nan ɗaya bayan ɗaya. Wasu su ba ka shayi su ce ma'alish, wato ka yi haƙuri, wasu su bar ka a tsaye a bakin fili har rana ta faɗi. Samari suna ta musu a waya ko tsohon mai jifa yana da sauran abin da zai tsinana, wani ya ce ƙwarewa ba ta tsufa, wani ya ce a bar shi ya huta, kai kuma kana karantawa duka. Sulafa ta ce ka daina cin abinci da yawa. Ta ce takan same ka zaune kana murza kafaɗa da man zafi kana yi mata magana kamar mutum.

Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci ka tsayar da ni a gefen masu sayar da littattafai.

"Abdulwahab, tsakaninka da Allah, ina da sauran amfani?"

Na ce kana da shi, na shiga lissafa maka marasa lafiya da ɗalibai da iyalinka. Ka saurare ni har na gama, ka yi murmushi, ka ce ni ban san wasan ba, shaidata ba ta karɓuwa a nan. Daga bakin waɗanda kuka shiga fili tare kake son ji. Su kuwa sun yi shiru. Yanzu na san kunya ce ta hana su kiranka, amma kai ba ka sani ba, ka ɗauka sun yarda da hukuncin ne.

Gaskiyar da zan faɗa a kanka ita ce, hannun ya rage. Na hau rufin na gani da idona, ƙwallon da a da ke tafiya a miƙe ya koma yana lilo. Kai ma ka sani. Amma da wata ƙaramar ƙungiya ta ce ka zo ranar Talata su gan ka, ka yi aski, ka goge hular kwano, ka ce wa Sulafa ta yi maka addu'a. A filin nan ka faɗi.

Ban san tashin hankali ba sai da aka gama da asibiti aka zo maganar kabari. Yayanka Malam Al'amin ya kira daga Gusau ya ce a yi yadda muka saba, a rufe ka inda Allah ya karɓe ka, kada a jinkirta. To a ina? A gida da an fita bayan gari an haƙa. A nan ba haka ba ne. Kowane dangi yana da ɗakin kabarinsa a ƙarƙashin ƙasa, da ƙofa da makulli da sunan kakansu a sama. Baƙo ba shi da ƙofa. Manyan ɗalibanmu suka ce akwai kaburburan sadaka, inda ake kai wanda ba shi da kowa, kuma wallahi masu yin wannan sadaka Allah ya saka musu. Amma da na faɗa wa Sulafa sai ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce ita Basudaniya ce, yaƙi ya cinye garinsu, ba ta san inda kabarin mahaifinta yake ba, kuma ba za ta iya ce wa Shahd ita ma ba ta san ƙofar da ubanta yake ba.

Na fita ina yawo a titi kamar wanda ya zautu. Na kira duk wanda na sani. Na je wurin wani Alhaji da ka yi wa hidima shekara da shekaru, ya ce shi ma baƙo ne. Na je wurin mai gidan da kuke haya, ya ce ɗakin nasu sai da yardar 'yan uwansa, kuma ba za su yarda ba. La'asar ta yi, kana kwance a ɗakin ajiye gawa, ni kuma na rasa taku biyu na ƙasa a garin da ka ba ƙuruciyarka. A lokacin na ji tambayarka ta dawo min, kuma na ji tsoro, don amsar da garin ke bayarwa ita ce wadda ka yi zato.

Ina dawowa na tarar da Osama a ƙofar gidanku da garin fulawa a gashin hannunsa. Bai iya kallon idona ba. Ya ciro makullin ɗakin kabarin danginsu ya ɗora min a tafin hannu. Daga baya na ji cewa ya sha fama da baffanninsa, suka ce ba a sa bare cikin kakanni, mahaifiyarsa ce ta raba gardamar, ta ce yaron da ɗanta ya tsare da jikinsa tun suna samari ba bare ba ne.

"Khalas," in ji shi da lafazinsu na Misirawa, wato magana ta ƙare. "Ga'afar zai kwanta kusa da babana."

Ranar Laraba bayan azahar muka yi maka salla. Ƙattin layin nan su suka ɗauke ka, suka hana kowa taɓa makarar, har mu 'yan garinku sai da muka roƙa. Kabtin Alaa ya zo, matashin da ya gaje ka ma ya zo. Mai kula da maƙabartar ya ɗage duwatsun bakin ɗakin, matakala ta bayyana, ƙunci gare ta, mutum ɗaya take ci. Ya ce shi zai sauka don aikinsa ne. Osama ya janye shi a hankali ya sauka da kansa, ya juyo, ya ɗago hannu biyu.

"Ku miƙo min shi. Shekara nawa ina miƙa masa ƙwallo ban taɓa waiwaye ba, don na san hannunsa na nan. Yau ni zan karɓa."

Muka miƙa ka. Ya kwantar da kai a kan yashi, ya fuskantar da kai alƙibla, ya daɗe bai fito ba har sai da aka kira shi.

Da muka koma gida ya tsaya daga bakin ƙofa yana yi wa Sulafa gaisuwa. Ya ce mata tun da ka bar ƙungiyarsu bai sake sunkuyawa a fili da kwanciyar hankali ba. Ya ce matashin yana da hannu, yana da gudu, amma idan wasa ya yi zafi duk layin sai su riƙa sauraron murya, ba sa jin wadda suka sani. Ya ce sau da yawa ya ɗauki waya zai faɗa maka, kunya ta hana shi. Sulafa ta saurare shi daga bayan labule, ta yi masa godiyar kabarin, ta yi wa mahaifiyarsa addu'a. Sannan ta ce:

"Ya Osama, wannan maganar yake jira. Da ita kaɗai ka ba shi, da wataƙila ranar Talata ya zauna a gida."

Na san ajali ba ya jiran waya, na san ranar rubutacciya ce, ita ma ta sani. Ga ta nan na rubuta maka, Ja'afar, amsar da ka nema daga bakin wanda shaidarsa ke karɓuwa. Ta iso bayan an mayar da duwatsu.

Ya Allah, ga bawanka Ja'afar ya zo maka a gajiye, da karyayyar zuciya. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa ɗakin da yake kwance, ka sa tsofaffin da ya goya da yaran da ya rufa wa asiri su zama shaidarsa. Ka saka wa Osama da mahaifiyarsa da gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sulafa da Shahd, da Malam Al'amin Iliya da dukan dangi a Gusau, da jama'armu ta Alƙahira, da abokan wasansa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Ranar Juma'a zan kai Shahd ta ga ƙofar. Osama ya ce mu riƙe makullin.

Abdulwahab Sa'idu Tsafe
Darrasa, Alƙahira