Kadi da Asabarin Cuku

Duk wanda ya taɓa shan shayi a tashar Tanut ya ci cukun Kadi, ko da bai san ta ba. Wanda ya san ta kuwa ya san muryarta ke riga ta isa wuri. Gajeruwa ce, ba ta da wani jiki, amma in ta ce "kai!" a bakin kasuwa, har raƙumin da ke kwance sai ya waiwayo ya ga ko da shi ake.

A dajin Tenhiya aka haife ta, iyayenta na kan hanya daga wata rijiya zuwa wata. In ka tambaye ta garinsu sai ta ce, "Bayan jaki." Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ta ce ranar da aka zo rubuta yara tana bin akuya, akuyar kuma ba ta tsaya ba. Abin da ta koya a hannun uwarta shi ne cuku: a tace madara da ɗuminta, a ɗiga mata abin daskarewa, in ta kama a kwashe a shimfiɗa a kan asabari, ruwan ya tsiyaye, iska ta ƙarasa aikin. Asabarin na karan afazo ne, ciyawar nan ta arewa mai tauri, shi ne ke bar wa cuku layi-layi a jiki kamar an yi masa zane.

Ta auri Hamidu, dillalin dabbobi, ya kawo ta Tanut. Fari ya zo ya share garken iyayenta, ba a daɗe ba Allah ya yi wa Hamidu rasuwa. Abin da ya rage mata a duniya sai ƴaƴa, da baki, da asabarin uwarta, da su kuwa ta tashi. Ta riƙa tarar makiyaya a bakin gari tana karɓar madara. Matan unguwa suka ga abin na tafiya, suka matso ɗaya bayan ɗaya, har ƙungiya ta kafu a gindin wata aduwa.

Ana nan sai ga wani furoje na masu ba da tallafi, irin masu farar motar nan. Suka gina wa matan ɗaki na siminti, suka ce in ƙungiya ta bi tsarin inganci aka ba ta sartifika, wato takardar shaida, cukunsu zai shiga manyan kantunan Yamai cikin leda mai suna. Mai horon da aka turo ya yi ta zuba Faransanci har ya jiƙe da gumi, amma da aka matse maganar ga abin da ya fito: ku rubuta abin da kuke yi, ku yi abin da kuka rubuta, in an tambaye ku ku nuna shaida.

Rubutu kuwa sai mai biro. Aka ɗauko Ilyasu, ƙanin marigayi Hamidu, wanda ya yi kwaleji har ya kusa gamawa, kuma ko wanka zai shiga da biro a aljihu. Aka ce shi ke tafiyar da ƙungiya. Kadi ta laƙaba masa Dirakta, shi kuma yana ce mata matar yaya, ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi tsiya ba. Da aka ce ya rubuta tsarin aiki, sai ya ga tambayar mata ɓata lokaci ne. Ya je Damagaram, ya aro tsarin wasu masu yin nonon roba, ya goge sunansu ya sa na ƙungiya. A ciki an ce ana shanya kaya a farantan ƙarfe. Furoje ya karanta, ya yaba, ya aiko da farantai masu ƙyalli har mutum na ganin haƙoransa a ciki.

Kada a yi wa Kadi ƙazafi, ba duk sabon abu ta ƙi ba. Da aka ce a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa madara, cewa ta yi da ma ba da ƙafa take aiki ba. Aka ce a ɗaure kai, ta ɗaure. Aka ce akuya ta daina shiga ɗakin aiki, ita ta fara kora. Da aka ce kowace jarka a sa mata alamar makiyayin da ya kawo ta kuwa, har guɗa ta yi, ta ce yanzu Buba, ɗaya daga cikin makiyayan, ba zai ƙara wa madara ruwa ya ce ta maƙwabcinsa ce ba.

Farantin ne ya gagara. Ƙarfe ba ya numfashi. Cuku ya zauna cikin ruwansa, sama ta bushe, ƙasa ta yi tsami, wanda ya tsira kuma ya fito sumul. Ranar kasuwar Belbeji wani dattijo ya ɗaga guda, ya juya shi, ya ce, "Wannan a ci ne ko a yi wanka?" Daga ranar mata suka koma kan asabarinsu a bayan ɗaki, farantai suka zauna a jere kamar kayan amarya. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Kadi ce kaɗai ke shimfiɗa nata a ƙofar gaba, inda Dirakta ke tsallakewa kowace safiya yana kallon sama.

Da labari ya zo cewa mai bincike na tafe, Ilyasu ya same ta tana tace madara.

"Matar yaya, ranar Laraba muna da babbar baƙuwa daga Yamai. Ita ke cewa a ba mu sartifika ko a hana. An yi anko, an sayi rago. Asabarai duka za su kwana a rumbun Ummu ma'aji, a fito da farantai."

"Baƙuwa ce, ko mai bincike?"

"Duk ɗaya ne. Ke in surukai za su zo miki, tsohuwar ƙwarya kike fitarwa ko kwanon da ke cikin kabad?"

"Surukai ci suke su tafi, Dirakta. Wannan aiki ta zo gani."

"To bari in gaya miki, kwamiti ya zauna. In aka ga asabarin nan ranar, sunanki ya fita daga ƙungiya."

Kadi ta ajiye matacin, ta dube shi tun daga takalmi har biro. "Ƙungiyar da na kafa kana yawo da majina har baki?"

"Ita fa."

"Allah ya kai mu Larabar."

Laraba ta zo. An share ɗaki har simintin ya fara kuka. Mata sun sha anko da jan baki, kowace ta zauna ta harɗe hannu, don a nan ƙasar Damargu ba a tarar babban baƙo ana aiki. Ragon na kan wuta. Kadi ba ta nan, Ilyasu ya yi hamdala a ransa, ya ɗauka ta ji tsoro. Bai san madararta ce ba ta gama kamawa ba.

Mai binciken, Madam Radiya, doguwa ce mai tabarau, ba ta da hayaniya. Ta gaisa da kowa, ta sha ruwa, ta ce nama sai an gama aiki. Sannan ta ce a yi cuku ta gani.

Mata suka dubi juna. Ummu, wadda ita ce ma'aji, ta ɗauko faranti, takardar kanti na manne a bayansa. Ta zuba daskararriyar madara, abin ya zame ya taru a gefe guda. Madam ta juya. Ta wuce ɗakin ajiya, ta ɗauko busasshen cuku guda, ta shafa layukan da ke jikinsa, ta shafa farantin.

"Malam Ilyasu, farantin nan sumul yake. Wannan zanen daga ina?"

Gumi ya karyo wa Dirakta. "Ado ne, Madam. Da cokali mai yatsu muke yi."

"Madalla. A yi mini guda."

Aka kawo cokali mai yatsu daga wajen masu gasa rago. Ummu ta ja layi ɗaya, abin ya yage. Ta ja na biyu, ya zama fate. Tana ta ja tana salati a hankali, sai aka ji murya daga ƙofa.

"Ku matsa mini, rana na wucewa!"

Kadi ce, da zanen aikinta na kullum, ƙwarya a hannu, asabari a naɗe a ka. Ta wanke hannu har gwiwa, ta shimfiɗa asabarin a kan teburin da aka yi wa ado da leshi, ta fara kwashewa. Ruwan ya bi tsakanin karare yana ɗiga. Ilyasu ya yi ta ƙifta mata ido har wani ya ɗauka ƙwaro ya faɗa masa.

"Sannu da aiki, Inna," in ji Madam. "Kullum haka kike yi?"

"Haka nake yi, ɗiyata, haka dukanmu muke yi. Nasu na rumbun Ummu, in kina son gani. Farantan nan tun da suka zo, yau ne suka ga madara karo na biyu."

Madam ta rufe takardunta, ta ce yau babu sartifika. Ummu ta dafe ƙirji. Madam ta ce su fahimce ta da kyau: ƙa'ida ba ta ce faranti ba, ba ta ce asabari ba. Abin da ta ce shi ne takarda da hannu su faɗi magana ɗaya, kuma a nuna cewa abin da ke taɓa abinci mai tsabta ne. Su kuwa takardarsu na Damagaram, hannunsu na Tanut.

Kadi ta fara murmushin wadda ta ci yaƙi, sai Madam ta ɗaga gefen asabarin, ta buɗa kararen da bakin biro, ta nuna mata baƙin da ya daskare cikin igiyar saƙar.

"Wannan kam, Inna, ba zai wuce ba."

"Na uwata ne."

"Allah ya jiƙanta. Amma abin da ke cikin igiyar nan ba gadonta ba ne, kuma cikin ƴaƴan mutane zai shiga."

Waɗanda ke wurin sun rantse Kadi ta yi shiru. Ba ta daɗe ba, amma ta yi.

Motar Madam na tashi, aka yi taro a kan ragon da ya huce. Mata suka yi mata caa: ta tona asiri gaban baƙuwa, ta kunyata gari, ta zubar da wahalar kowa. Ilyasu ya miƙe, ya gyara biro, ya ce kwamiti ya riga ya yi magana, duk mai son a cire Kadi ta ɗaga hannu.

"Ku ɗaga," in ji Kadi. "Ku ɗaga sosai in gani. Ni na yi ado da cokali? Da an ba ku takardar yau, gobe da me za ku yi cukun? Da faranti, ku kai wa mutanen Yamai sabulu? Ko da asabari a ɓoye, duk motar da ta tsaya ku ruga rumbu kamar ɓarayi? Ni dai ban saci sana'ata ba, ba zan yi ta a bayan ɗaki ba. Ku cire ni. Aduwar na nan, ba furoje ya shuka ta ba."

Hannu biyu suka fara tashi, suka tsaya a hanya, ɗaya ya koma gyaran ɗankwali. Ummu ta ce ita dai ba za ta ƙara riƙe cokali mai yatsu ba har ta mutu. Wata ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka biyo, maganar cirewa ta bi iska.

"To Dirakta," in ji Kadi, "zauna. Yau bironka zai yi aikinsa na farko. Rubuta: ana karɓar madara da safe, a shinshina, a ɗanɗana."

"Ba a rubuta shinshina a takardar hukuma, matar yaya."

"Muna yi ko ba ma yi?"

"Kuna yi."

"To rubuta."

Haka aka sake tsarin, mata na faɗa, shi yana rubutawa yana gunaguni. Aka aika Tenhiya aka saƙo sababbin asabarai. Aka rubuta cewa bayan kowane aiki za a wanke su, a tsoma cikin tafasasshen ruwa, a rataye cikin raga inda ƙuda ba ya kai, kuma da zarar igiya ta fara baƙi a jefar. Aka aika cuku ɗakin gwaji. Na farko ya dawo da ƙorafi, Kadi ta ce masu gwajin ƙiyayya suke mata, amma washegari an ga ta ƙara itace a murhu, ta bar ruwan ya yi ta tafasa. Na biyu ya wuce.

Bayan damina Madam Radiya ta dawo. Babu anko, babu rago. Ta tarar da Kadi na sa-in-sa da Buba a kan wata jarka, asabarai a jere a ƙofar gaba suna ɗiga. Ta duba takarda, ta duba hannu, ta gyaɗa kai. Wannan karon ta karɓi shayi da cuku, a kan ɗaya daga cikin farantan nan, waɗanda yanzu suka sami aikin da ya dace da su.

Tsohon asabarin yana rataye a ɗakin Kadi, sama da gadonta, ba ya taɓa madara. Ranar da sartifika ya iso, Ilyasu ya kawo mata shi da hannu biyu kamar mai riƙe jariri. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta shafa gaba, ta shafa baya.

"Sumul yake kamar farantinka, Dirakta. Rataye shi can sama, kada ya tsare mini iska."