Baba Lauwali da Tocilar da Ba a Buɗewa

Ranar kasuwarmu, kafin masu hatsi su gama sauke buhuna, Baba Lauwali ya riga ya jingine kekensa ya kwance akwatin katakon da ke ɗaure a baya. Abin da yake fara yi shi ne hura gawayi a ɗan kasko, ya tura ƙarfen liƙi a ciki. Kafin ƙarfen ya yi zafi sai ya shimfiɗa buhu, ya jera filaya da sukurdireba da dunƙulen dalma, da wani gwangwanin madara cike da ƙwayayen tocila da makunnai da ya ciro daga waɗanda suka mutu murus. Sannan ya goge tabaransa da bakin riga, ya yi bismillah. Haka yake yi a kasuwar Gwiwa, haka a ta Roni, wani sa'in har Babura in ya samu motar da za ta yarda ta ɗauki keke. Amma rumfarsa ta ainihi a kasuwar ƙauyenmu take, kuma tun kafin a haife ni yake zaune a cikinta.

Innata daddawa da kuka take sayarwa a gefensa, shi ya sa na san shi. Ban taɓa rubuta abin da mutanen da ba su san ni ba za su karanta ba, don haka in na yi tuntuɓe a yi mini afuwa. Abin da aka yi wa dattijon nan ne ya fi ƙarfin a yi shiru.

A wajenmu tocila ba abin ado ba ce. Da ita ake duba ɗakin kaji, da ita ake haska hanyar masallaci da damina saboda maciji, da ita ungozoma take aiki. In ta lalace kuwa, wajen Baba Lauwali ake nufa. Ba ya cewa abu ya mutu sai ya buɗe shi ya duba. Akwai Hamma, wani Bafulatani daga rugar da ke bayan gari, wanda kusan kowace kasuwa sai ya kawo tocilar da saniya ta taka. Baba Lauwali zai juya ta a hannu ya tambaye shi wai shi ke riƙe tocilar ko saniyar. Hamma ya ce da saniyar ce ke riƙewa ai da ta fi shi wayo, ba za ta kawo wa Bahaushe ba. Su yi ta yi ana dariya, kafin su gama tocila ta kama.

Sai aka yi wani bajekoli a Kazaure. Wani kamfani ya kafa rumfa da lasifika, samari sanye da riguna iri ɗaya suna nuna sabuwar tocila mai caji. Sun tsoma ta a bokitin ruwa ta fito tana haske. Sun sa babur ya bi ta kanta. Suka ce an gama da sayen batir har abada, wanda kuma ya kawo tsohuwar tocilarsa za a yi masa ragi. Mutanenmu suka yi ta miƙa tsofaffin tocilolinsu na ƙarfe, waɗanda ake murɗe gindinsu a zuba batirin da ko mai tireda yana sayarwa, suka karɓo sababbi a kwali. Abin da samarin ba su faɗa a lasifika ba shi ne, batirin wannan a liƙe yake a ciki, babu murfi, babu noti. Igiyar cajinta ma bakinta daban ne, ba ya shiga ta waya, ba ya shiga ta rediyo, sai tasu kaɗai. Wannan wace irin mugunta ce? Ka sayar wa mutum abu, sannan ka kulle shi ka tafi da makullin.

Da shekara ta kewayo hasken ya fara ja, caji ba ya daɗewa. Aka koma wajen wakilin kamfanin, wani mai suna Sharfuddeen da ke da shago a Kazaure, yana kuma zuwa kasuwarmu da mota. Ya ce batirin ba a canza shi, sai dai a sayi sabuwa, ga ma wata ta fito wadda ta fi waccan.

To mu kuma muna da abin da muka gada. In batir ya yi sanyi, ciro shi ake yi a shanya a rana, a kan katanga ko kan rufi, da yamma a mayar ya ɗan ƙara kwana. Kowa ya taso ya ga uwarsa tana yi. Da batirin ya ƙi fita, sai mutane suka riƙa shanya tocilar ɗungurungum a kan kwanon ɗaki, cikin zafin bazara. Ba wanda ya gaya musu cewa wannan batirin ba irin wancan ba ne.

Baba Lauwali ne ya fara lura. Hamma ya kawo tasa ta kumbura kamar ƙwaryar da ta sha ruwa, tana wani wari mai hawa kai. Wannan karon ba a yi barkwanci ba. Baba Lauwali ya ɗauke ta da filaya ya binne a yashi, ya ce kowa ya matsa, tana iya kamawa da wuta. Daga ranar ya samo dabara. Yana gasa wuƙa ya yanka bayan tocilar a hankali, ya zare batirin ya tura a bokitin yashi, ya liƙa mata ƙarfe da waya yadda za ta ci batirin kowa da kowa, ya ɗaure da robar tayar keke. Ba ta da kyan gani, haskenta kuma bai kai na da ba, shi da kansa yake faɗa. Amma tana haska hanya, kuma ba ta tashi da gida. Duk kasuwar da ya je sai ya yi ta jan kunne kada a shanya. Har limamai ya bi ya roƙa su sanar bayan Juma'a. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi.

Cikin waɗanda ya ja wa kunne akwai Iya Saude, wata dattijuwa da ɗanta ya sayo mata tocilar a bajekolin. Ya ce ta kawo ya cire mata batirin, ta rungume abarta ta ce ba wanda zai yanka mata kyautar ɗanta. Ba a daɗe ba, wata rana bayan azahar, ta ɗora ta a kan jinkar babban rumbunta ta shiga ɗaki. Ihun maƙwabta ne ya fito da ita. Kafin a kashe wutar fiye da rabin geronta ya ƙone.

A nan ne Sharfuddeen ya samu abin da yake nema. Ya shiga kasuwa yana cewa ga abin da yanke-yanken Lauwali ya jawo, kayan kamfani ba sa kamawa da wuta sai an taɓa su. Ya kai ƙara wajen sarkin kasuwa, ya ce ko dai a tashi tsohon daga rumfarsa ko kuma wata rana kasuwar gaba ɗaya ta ƙone. A ɓoye kuma ya aika wa Iya Saude sabuwar tocila a kwali, wai jaje.

Ranar da aka zauna ina tsaye bayan mata. Sharfuddeen ya yi magana mai tsawo. Baba Lauwali ya ce shi dai bai taɓa wannan tocilar ba. Wasu da ya yi wa gyara shekara da shekaru suna wurin, suka sunkuyar da kai, ba wanda ya tsaya masa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sai ga Iya Saude ta ratso mutane, ba wanda ya kira ta. Ta durƙusa ta gaida sarkin kasuwa, ta kwance bakin zanenta ta ajiye wani baƙin dunƙule, ragowar tocilar da ta ƙone, ta ajiye kwalin sabuwar a gefensa.

"Ranka ya daɗe, ni na shanya ta," in ji ta. "Lauwali ya ce in kawo, na ƙi. Ko ɗan yatsa bai ɗora mata ba. Wannan kuma ta kwalin, a mayar wa mai ita. Rumbu ɗaya ya rage mini, ina son abina."

Aka fashe da dariya, har sarkin kasuwa ya kare baki da hannun riga. Sharfuddeen ya ce ai ita ta jawo, wa ya ce ta sa a rana. Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, ranar da kuke tsoma ta a bokiti, wa ya ce kada a sa?"

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe ban san duniya ba. Sarkin kasuwa ya yi gyaran murya, ya ce lallai Lauwali ba shi da laifin gobara, kowa ya ji. Amma shi ma Sharfuddeen baƙo ne mai kawo ciniki, ba a so a ɓata masa. Saboda haka Lauwali ya zauna a rumfarsa ya ci gaba da gyaran tsofaffin tociloli da rediyo, amma kada ya ƙara yanka ta kamfani a cikin kasuwa. In ya ƙi, ya bar rumfar. Wato an wanke mutum, an kuma hukunta shi a zama ɗaya.

Mutane suka fara cewa Baba ya yi haƙuri ya karɓa, rumfa ai ba abin wasa ba ce, ga shekaru sun ja. Ya cire tabaransa, ya daɗe yana kallon baƙin dunƙulen nan. Sannan ya ɗago.

"Allah ya ja zamaninka, ina iyakar kasuwar?"

Sarkin kasuwa ya ce daga kwalbatin hanyar Roni.

Ya yi godiya, ya tashi. Muna kallo ya zubar da gawayinsa, ya naɗe buhu, ya ɗaure akwati a keke, ya tura har ya tsallake kwalbatin. A can ya sauke, a fili, inda babu ko bishiya. Bai gama hura wuta ba Hamma ya tsallako da tociloli a buhu, na rugarsu gaba ɗaya. Ya ce tunda yanzu Bahaushe ya koma daji, sai a ba shi sanda ya fara kiwo.

Baba Lauwali, kai ne aka ba zaɓi tsakanin inuwarka da rumbunan mutane, ka ɗauki akwatinka ka fita. Kai ne ka san dattijuwa ta ƙi jin maganarka, amma a gaban jama'a ba ka ce ai ka gaya mata ba. Mai gyaran abin da aka ce a jefar, ba a taɓa kiran sunanka a lasifika ba, ba a taɓa ɗinka maka riga ba. Waɗanda suka liƙe batirin suna can suna shirin wani bajekolin da wata sabuwa, ba su san sunan ƙauyenmu ba, balle su san gero nawa ya ƙone. Kai ka san kowane gida da irin tocilar da ke cikinsa.

Rumfar ba ta dawo ba. Yanzu kwalayen kamfanin ne jere a cikinta, in na wuce ba na iya kallon wurin. Shi kuwa yana can bayan kwalbati duk ranar kasuwa, ya kafa sanduna ya yafa tsohon buhu, iska ta yaye ya tashi ya mayar. Da damina yakan rufe kaskonsa da faranti ya jira ruwa ya wuce. Innata ta taɓa tambayarsa ko ba zai je ya ba da haƙuri a mayar masa da wurinsa ba. Ya ce zai je, ranar da tocilar kamfanin ta ƙarshe ta fita daga gidajen mutane.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya da hasken ido. Ku kuma da kuke karantawa, a Kazaure kuke ko Babura ko Roni ko Gwiwa, in an sake kafa rumfa ana nuna muku abin mamaki, ku karɓa ku juya shi, ku tambaya ta ina ake buɗewa. In kuna da irin tocilar nan a gida, kada ku shanya ta, ku kai masa. Samarinmu masu son aikin hannu su je su zauna kusa da shi tun yana iya nunawa. Waɗanda kuma suka sunkuyar da kai ranar nan, har yanzu ba su makara ba. Itace da zana kawai ake bukata a kafa masa rumfa, kuma ƙasar bayan kwalbati ba ta sarkin kasuwa ba ce.