Gaisuwar Tukur Mai Inji

A Aliero, duk mai gonar albasa ya san Tukur mai gyaran injin ban-ruwa. Hannunsa na da albarka, inji ko ya shekara a mace in ya taɓa shi sai ya yi tari ya tashi. Matsalarsa ɗaya ce: ka sa rana da shi, ya ce maka "ina nan tahe", shi ke nan kun rabu. Ba zai zo ba, ba zai aiko ba, wayar ma ba ya ɗagawa. Ni maƙwabcinsa ne, amma albasata ta taɓa yin yaushi ina zaune a bakin rijiya ina jiransa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da ka yi masa ƙorafi sai ya washe baki. "To ba ga ni ba yanzu?"

A haka ya ga Gudiya, wata bazawara a Danwarai, ya kamu da sonta sosai. Mutumin da ko wanka sai an yi da gaske, sai ga shi yana sayen turare. Aka sa masa ranar Lahadi da hantsi ya je gaisuwa wurin mahaifinta, Malam Usmanu. Gudiya ta yanka zabuwarta. Tsoho ya sa babbar riga ya zauna a zaure, duk babur ɗin da ya gifta sai ya miƙe.

Tukur kuwa, a hanya wani ya tare shi da inji, daga nan aka zarce Jega neman kayan gyara. Wayar tana aljihu tana ta kuka.

Malam Usmanu bai san halinsa ba. A ganinsa, babu mai rai da lafiya da zai shanya surukai haka ko aike babu. Ya yanke cewa hatsari ne ya yi ajalinsa, har ya yi ƙwalla. Washegari ya ɗebo dattawa suka nufo Aliero, kowa fuska a jiƙe.

Ina nan suka iso. Suka tarar da mamacin a ƙofar gida, ya miƙe ƙafa yana shan fura.

Tukur ya zabura har ludayi ya faɗi. "Baba, lahiya? Wa ya rasu?"

Tsoho ya dube shi. "Kai munka zo yi wa gaisuwa, tunda taka gaisuwar ba ta iso ba."

"Wallahi Baba inji na..."

"Zamna, yaro. Ba mu taso daga Danwarai a banza ba."

Ya ɗaga hannu, dattawa suka ɗaga, ni ma na ɗaga ina danne dariya. Ya ce, "Allah shi jiƙan maganar auren Tukur da ɗiyata." Muka shafa.

Tukur kaɗai ne bai ce amin ba. Ya bi su da ido har suka sha kwana, sai a lokacin ya laluba aljihu ya ciro wayar.