Baba Kofur da Magulmaciyarsa

Tun kafin aure ya kawo ni gidan nan nake tsoron ƙusa. Ina 'yar shekara tara a Kuyello ƙanena ya taka wata mai tsatsa a bayan rumbu. Aka wanke, aka ɗaure da tsumma, ya koma wasansa. Bayan sati haƙoransa suka sarƙe, ko ruwa ba ya wucewa, ba a jima ba aka kai shi makwancinsa. Tun daga ranar ba na tafiya sai idona a ƙasa. To ku duba ikon Allah: ni mai gudun tsatsa, sai ga ni a gidan mutumin da duk Birnin Gwari ba wanda ya kai shi tara tsatsa.

Sunansa ba zai fita daga bakina ba. Surukina ne, kuma ɗana na fari sunansa ya ci, kun ga kunya ta zama biyu. Baba Kofur dai, kun gane shi. Wa bai taɓa ganinsa da hantsi ba, yana tafiya kamar mai bin sawun kiyashi, akwati rataye a kafaɗa, wasu abubuwa toshe da kunnuwa, a hannu doguwar sanda mai faranti a baki, yana kaɗa ta dama da hagu dab da ƙasa? Da ta yi kuka sai ya ɗaga hannu: "Holt! Kowa ya tsaya inda yake." Ya tsayar da liman, ya tsayar da masu tallan fura, na ga ranar da ya tsayar da akuya, kuma ta tsaya. In mutum ya so girmama shi ya ce masa Saje, sai ya ɓata rai. "Igiya biyu aka ɗinka mini. Ta ukun a rigar wa ka gani?"

Yana saurayi aka kai shi yaƙin Bama, na zamanin Turawa. Aikinsa can shi ne ya wuce gaban kowa da irin wannan sanda, yana sauraron nakiyar da aka binne a hanya. Da ya dawo ya yi helma, shugaban leburori, a aikin titi har furfura ta kama shi. Bayan yaƙin basasa ya ajiye aiki, ya tafi Kaduna neman takardun fansho. Inna, matarsa, ta ce ya sayo mata bargo da fitila. Ya dawo ba bargo ba fitila, sai wannan abu da ya tsinta a gwanjon tsofaffin kayan soja. Inna ta juya farantin sama da ƙasa, ta ce ko tuwon mutum ɗaya ba zai ɗauka ba. Ina bayan zana ina jin su. Ya ce mata, "A Bama in ta yi kuka, mutuwa ce a ƙarƙashin ƙafata. Ina so in ji kukan nan nata ba tare da cikina ya ɗuri ruwa ba." Inna ba ta sake maganar bargo ba, sai dai lokacin sanyi.

Ya raɗa mata suna Magulmaciya, wai don duk abin da ƙasa ta ɓoye sai ta kai masa kunne. Wani mai gyaran rediyo ya daidaita masa ita ta koma cin batirin tocila, daga nan kuwa batir ya shiga uku a gidanmu. Baba Kofur bai taɓa yar da batir ba. Yakan jera su a rana bisa jinkar rumbu, kowanne da muƙaminsa. Sababbi hafsoshi ne, masu ɗan dama kurata, waɗanda suka mutu murus kuma 'yan fansho, su ma ba a korarsu, sai ya ɗan daddaka su da dutse ya ce sun huta su koma bakin aiki. Tocilar Inna takan kwana da haske ta wayi gari tana lumshe ido. In ta tambaya sai ya ce ba sata ba ce, canjin wurin aiki aka yi musu.

Mutanen gari kuwa ba wanda ya yarda cewa ƙarfe kawai yake nema. Kowa ya san akwai zinariya a ƙasar nan, sai aka ce tsohon ya samo idon Turawa mai ganin abin da ke cikin ƙasa. In ya nufi kufai wajen Tsohon Birnin Gwari, sai ka ga mutum uku huɗu sun tuna suna da wata buƙata ta can. Shi ko abin da yake dawowa da shi a jakar buhu: ruwan fartanya, bakin kibiya, guntun linzami, marfin tukunya. Ya zauna a zaure ya goge kowanne da toka, yana ba shi labarin wanda ya yar da shi, kamar tare aka yi.

A gonarsa akwai wani kututturen kirya da ya gagari kowa, shekara da shekaru garma na kauce masa. Wata rana ya kai Magulmaciya gindinsa, ta yi kuka har na nesa suka ga ya zabura. Ya kafa tsinke, ya ɗaura jan ƙyalle, ya juyo ya ce wa masu leƙe kada wanda ya kuskura ya taɓa wurin nan sai ya dawo, zai je Tabanni gaisuwar mutuwa kwana biyu. Da ya dawo, babu kututture. An tone shi har saiwa, an mirgina shi gefe, rami ya kai ƙugu. Maƙwabtanmu uku suna zaune a bakin ramin, hannuwa duk kanta, ba mai iya kallon ɗan'uwansa. Abin da suka samu ruwan gatari ne. Baba Kofur ya karɓa, ya duba, ya ce nasa ne, shi ya karye masa a nan shekarar da ya fara yaƙi da kututturen. Ɗayansu ya ce, cikin ƙunar rai, ai sun ɗauka zinariya ce. "Ni na ce zinariya? Cewa na yi kada a taɓa. Amma tun da kun taɓa, Allah ya yi albarka, ku mayar mini da ƙasar."

Har shanu ya duba. Wani Bafulatani ya zo da saniya tana ta ramewa, ba ta tuƙa, an yi jiƙo an yi turare a banza. Baba Kofur ya bi cikinta da farantin, ya ce akwai ƙarfe a ciki, a yanka tun tana da nama. Kafin ya rufe baki saniyar ta sakar masa ƙafa, sai ga shi zaune a ƙasa, hula a gefe. Ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce shekara uku Japan suna nemansa ba su kai shi ƙasa ba. Da aka yanka, sai ga guntun waya a tumbinta. Tun daga nan matar Bafulatanin ba ta wuce ƙofarmu ba ta zuba wa Inna nono ba.

Ni duk wannan ba dariya yake ba ni ba a lokacin. Yaron ya fara rarrafe, kome ya gani sai baki, ga zaure cike da tsatsa. Kuma ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban manya, in ya faɗi sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta, alhali hankalina duk yana kansa. Wa zan gaya wa? Maigidana malamin daji ne, yakan yi sati a gandu bai leƙo gida ba. Surukina kuwa ko ido ba ma haɗawa. In yana da magana da ni sai ya faɗa wa yaron: "Takwara, gaya wa mutanen ɗakinku kunun yau ya yi daɗi." Ga wata ɗabi'a da ya tsiro da ita, kullum da safe sai ya bi tsakar gida da Magulmaciya, lungu lungu, wai yana gwada batir. Ba mai shara sai ya gama. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu ina cewa a raina, wannan tsoho da rigima yake.

Ranar da ba zan manta ba, da hantsi ne. Ina zaune a tabarma ina ɗinke rigar yaron, yana gefena, sai tukunya ta yi bori. Na tashi da gudu na sauke. Da na dawo, ga riga, babu allura, yaron kuma yana tauna baki yana haɗiya. Na sa yatsa na laluba bakinsa, ba kome. Na kakkaɓe tabarma, na kakkaɓe zanena, na bi ƙasa da tafin hannu. Sai ya yi tari sau ɗaya. Wallahi ban san lokacin da na sure shi ba. Na ratsa tsakar gida kaina ba mayafi sai ɗankwali, na faɗa zaure inda ban taɓa shiga ba in surukina na ciki, na durƙusa na ajiye masa yaron a gaba. Bakina ya kasa cewa ɗana. Abin da ya fito shi ne, "Allura. Wannan ne."

Bai tambaye ni kome ba. Ya ƙwala wa Inna kira, ya ce ta kawo wata allurar, ya zazzage 'yan fansho ya zuba hafsoshi zalla. Ya fara gwada allurar Inna a ƙarƙashin tafin hannunsa, don ya tabbata Magulmaciya za ta ji abu ƙarami haka. Ta ji, da siririn kuka kamar na sauro, wanda in kana kusa kana jiyo shi daga abin kunnensa. Sannan aka kwantar da yaron, ya bi shi a hankali tun daga wuya. Ƙirji shiru. Da ya iso cibiya, ta yi kuka.

Ban faɗi ba don dama a durƙushe nake. Na ga ƙanena, na ga cokalin da aka kasa sa masa a baki. Inna ta fara salati. Baba Kofur kuwa fuskarsa ba ta motsa ba, ya sake bi, ya karkata kai, ya ce wannan kuka ya fi ƙarfin allura, a tuɓe yaron. Aka ɗaga riga, sai ga guru a ƙugunsa da 'yar ƙawanyar ƙarfe, wanda Inna ta ɗaura masa don haƙori. Ya dube ta, ta dube shi. Ta ce to me, shi ma da irinsa ya yi haƙoran da yake cin goro da su. Aka kwance guru, ya sake bi daga wuya har ƙafa, ya juya shi ya bi baya. Shiru. Yaron ma dariya yake, yana kai hannu zai kama farantin.

"Takwara, ba ka ci ba," in ji shi. "Amma allura ba ta da ƙafa. Holt, kowa ya tsaya inda yake."

Ya miƙe zai nufi ɗakina, ya juyo da sandar. Ni kuwa ina durƙushe a bakin ƙofa, kaina a sunkuye yadda ya kamaci suruka, sai farantin ya gifta dab da ɗankwalina. Ta yi kuka. Ya dawo da shi. Ta sake. Ya tambayi Inna ko akwai 'yan kunne, ta ce babu, zare ne a kunnen. Ta zo ta zame ɗankwalin, sai ga allura soke a kitsona, har da zarenta yana reto. Ni na soke ta da hannuna lokacin da tukunya ta yi bori, yadda kowace mace take yi.

Na so ƙasa ta tsage. Baba Kofur ya juya mini baya don kada in ga yana dariya, amma kafaɗunsa sun tona shi. Ya ce wa yaron, "Takwara, gaya wa mutanen ɗakinku, na duba hanya, na duba gona, na duba saniya. Yau ne na fara samun nakiya a kan mutum." Har ya bar duniya, in ya ga na ɗauko ɗinki sai ya ce wa Magulmaciya ta zauna da shiri.

Bara da kaka ya kwanta, kwana biyar, zazzaɓi, Allah ya karɓi abinsa. Ranar ta huɗu ma sai da ya ce a shigo da batir kada raɓa ta taɓa su. Bayan an yi arba'in Inna ta kira ni ɗakinta, ta jawo wani gwangwanin madara babba daga ƙarƙashin gado ta ce in buɗe. Cike yake da ƙusoshi, da fil, da guntayen waya, da karyayyar reza. Ta ce wannan ba na kufai ba ne, na tsakar gidanmu ne, abin da yake tsinta kullum da safe tun ranar da yaron ya fara rarrafe. Ba batir yake gwadawa ba. Ashe tun zuwansu neman aurena a Kuyello aka ba shi labarin ƙanena, bai taɓa nunawa ba. Ta ce ya taɓa ce mata, "Yarinyar nan da kike gani idonta a ƙasa, ba kunya ba ce kaɗai. Na san irin kallon nan, da shi na yi shekara uku. Mutum ɗaya ya isa ya yi shi a gida, kuma ni na riga na saba."

Ni da nake tsaye da tsintsiya ina ce masa mai rigima. Ban taɓa gode masa ba, ba yadda zan yi in buɗe baki a gabansa, shi ma bai bar mini ƙofar da zan yi ba. Yaron yanzu yana gudu ba takalmi daga ɗaki har zaure, ƙafarsa ko ƙwarzane babu. Magulmaciya tana rataye a inda ya bar ta, 'yan fansho suna jere a ƙarƙashinta, Inna ta hana a zubar.

Allah ya jiƙan Baba Kofur, ya yafe masa, ya sa ƙasar da ya yi ta saurare ta yi masa sauƙi, ya share masa hanya yadda ya share wa jikansa.

Abu biyu nake roƙonku. In kun ga ƙusa a hanya, ku sunkuya ku ɗauke, akwai ɗan wata uwa a bayanku. In kuma kun tashi yi masa addu'a, ku ambaci sunansa sosai, ku da bakinku zai iya.