Ka Tafi Ka Bar Ruwan Yalmi A Ɗaure

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha uku ga watan Janairu, Allah ya karɓi ran yayana, Malam Tahirou, sarkin ruwan Yalmi, a nan garin Greensboro na Amurka. Har yanzu da nake wannan rubutu ban gama yarda ba. Ranar Lahadi muka ci tuwo tare a gidansa na unguwar Glenwood, ya raka ni har bakin mota yana yi mini tsiyar tumbi. Talata da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a tashar bas ta cikin gari, yana jiran motar zuwa aiki. Maƙwabcinsa Simeon, mutumin Jos, shi ya riƙe kansa har motar asibiti ta iso, shi kuma ya kira ni. Na ce masa ba yayana ba ne, ya sake dubawa. Likitoci sun ce zuciya ce.

Yaya, da wanne zan fara? Duk ɗalibin da ya sauka garin nan bai san kowa ba, gidanka ake nuna masa. Ka yi bandar kifi a bayan gida har maƙwabta suka kira masu kashe gobara, suka zo da jiniya, suka koma kowa da kifi a hannu. Na sha yi maka dariya idan na ga sarkin ruwa guda da katin izinin kamun kifi a aljihu, zaune da ƙugiya a bakin tafkin da ke hanyar Summerfield, yana mayar da ƙananan kifi cikin ruwa yana ba su haƙuri. Matar Simeon ta ce da mijinta ya kwanta jinya, kai ka yi ta kai 'ya'yansu makaranta, ranar Lahadi kuma ka sauke su a ƙofar coci.

Amma ba don wannan kaɗai mutanenmu suke kuka ba. Mu Yalmawa 'yan tsiraru ne, masunta, tafkin Yalmi da ke can gida ne gonarmu. Da mahaifinmu ya rasu kana nan Amurka, dattawa suka ƙi ba wani sarautar ruwa, suka ce ka riƙe daga nesa. Ba a jima ba hukuma ta ba wani kamfani rabin tafkin. Suka zo da jiragen inji da ragar da ba ta barin ko ɗan ƙaramin kifi. Aka ƙwace komar kamun kifin mutanenmu, aka kifar da wani kwalekwale da uba da ɗansa a ciki. Da fari ruwanmu kawai muke nema. Da aka ƙi sauraronmu sai muka nemi a ba mu gundumarmu. Daga baya samari suka ɗinka tuta, suka ce ƙasarmu muke so. Kai ma ka yarda lokaci ya yi da za mu mulki kanmu, ka yi ta yawo wurin lauyoyi da 'yan jarida bayan ka tashi daga aiki, ƙafafunka a kumbure.

Sai ranar da labari ya iso cewa Hamissou, ɗan yayarmu, ya tara samari da kwalekwale da makamai za su ƙona jiragen kamfani. Muna da al'ada. Idan sarkin ruwa ya sa an kafa sandar gora da farin ƙyalle a mashigi, ruwa ya ɗauru ke nan, ba mai shiga da koma, ba mai shiga da ƙarfe, sai shi ya kwance da bakinsa. Kakanninmu don kifi ya samu ya yi ƙwai suke yin haka, na 'yan watanni. Ina tsaye kusa da kai a wajen ajiye motoci ka kira wakilinka na can gida ka ce a kafa gora. Aka kafa. Samari suka koma gida suna cizon yatsa, ba wanda ya mutu.

Daga ranar ka rasa barci. Jiragen kamfani ba ruwansu da gorarmu, suka ci gaba da kwasar kifi, namu na kallo daga tudu. Rani ya wuce, wani ya kama. Aka zage ka, aka ce kana cin kaza a Amurka ka bar mutane da yunwa. Ni ma ban raga maka ba. Ko ranar Lahadin nan sai da na ce ka kwance, mutane sun galabaita. Ka ajiye lomar da ke hannunka ka ce, "Rabiou, idan na kwance, koma da bindiga rana ɗaya za su shiga. Wa zai je ya gaya wa yayarmu an kashe mata ɗa?"

A al'adarmu, idan wanda ya ɗaure ruwa ya rasu bai kwance ba, maganar tana komawa bakin ƙanensa na uba ɗaya. Wallahi ban tuna da haka ba sai da muka dawo daga maƙabarta, ƙasa ba ta fita daga takalmina ba, Hamissou ya kira. Ya yi mini gaisuwa cikin ladabi, domin shi ma yana ƙaunarka. Sannan ya ce, "Kawu, gorar tana nan tsaye. Yara sun manta ɗanɗanon kifi. Kai muke jira."

Na buɗe baki in faɗi abin da na yi ta matsa maka ka faɗa, sai fuskar yayarmu ta tsaya mini a ido. Na ce a bar gorar inda take. Ya ce to, ya kashe waya.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa jinin da ka hana zuba ya zama shaidarka ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Kubura, da 'ya'yanka Ruqayya da Najib, da yayarmu, da dukan Yalmawa na gida da na waje. Allah ya saka wa Simeon da alheri. Allah ya ciyar da mutanenmu ta inda ba su zata ba.

Ni kuma ku sa ni a addu'a. Ban kwance ba, Yaya, kuma tun ranar nan ni ma ba na barci.