Fuskar Alhaji a Buhun Fulawa

A shekarun da gidajen bidiyo suka cika unguwarmu ta Nima, ina sayar da wake da shinkafa a ƙofar ɗaya daga cikinsu. Wani babban ɗaki ne a gidan da muke haya, da bencina da talabijin guda da janareta. Ƙanena ne yake zana musu hotunan talla. Yakan sayo buhunan fulawa wurin masu burodi, ya wanke, ya ɗinke biyu su zama ɗaya, ya zana da fentin mai. Duk ranar da aka rataye sabon zane a bakin titi, har fasinjojin motocin haya na trotro sukan sauko su kalla. Albarkacin zanen nan muke ci, ni da mai ƙosai da mai ruwan sanyi da kafintan da ke gyaran bencinan ɗakin.

Wata Asabar ya rataye zanen wani fim na faɗa. Mugun cikin fim ɗin yana tsaye riƙe da adda, ga tumbi, ga haƙorin Makka. Kafin azahar mutane sun cika wurin suna dariya. Da farko murna na yi, don tukunyata ta kusa ƙarewa. Sai wata mata ta raɗa mini da yaren Twi cewa ai wannan mai gidan da muke haya ne. Na ɗaga kai. Alhaji ne sak, har da tabon da ke gefen girarsa.

Na bar tukunyar na shiga ciki, na tarar da ƙanena yana wanke burushi.

"Me ka jawo mana?"

"Yaya, ba da gangan ba ne. Kullum fuskarsa nake gani, hannuna ne ya bi."

"Je ka sauke shi yanzu."

Bai kai ƙofa ba sai ga Alhaji ya dawo daga masallaci. Dariya ta ɗauke. Ya daɗe tsaye gaban zanen, carbi a hannu, ba ya ja.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji ƙanena, ya durƙusa.

"Ni ka ba adda? A ƙofar gidana?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce a rufe ɗakin bidiyo, mai zanen kuma ya bar masa gida kafin Juma'a. Ni bai ce mini komai ba, kuma shirun ya fi tsorata ni, don yarana uku ne, mijina yana Kumasi.

Layinmu ya mutu. Nakan dafa rabin abin da na saba, ya kwana. Mai ƙosai ta koma unguwar Maamobi wurin 'yarta. Duk safiya in na ji takun Alhaji a tsakar gida sai in tsaya ina jiran ya ce ni ma in kwashe kayana.

Da abin ya ishe mu, muka haɗu mu matan ƙofar, muka roƙi limamin unguwa ya raka mu. Muka zauna a ƙasa, liman ya yi bayani. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya dube ni.

"Ke ba ki yi mini laifi ba. A buɗe ɗakin. Amma shi kada in gan shi."

Aka buɗe, aka ɗauko wani mai zane, sai dai hannunsa bai ja mutane kamar na da ba. Cinikina ya dawo, amma bai cika ba.

Ƙanena ya kama rumfa a unguwar Alajo, yana zana wa masu aski allunan talla, yana rubutu a bayan motoci. A hankali aiki ya yi masa yawa har ya ɗauki masu koyo. Bai sake taka gidanmu ba sai ranar jana'izar Alhaji. A sahun baya ya tsaya, ana idar da salla ya tafi.