Tsohon da Ya Mayar da Tagar Magani Aji

Rabin awa ke nan ina tsaye a layin karɓar magani, duk saboda wani tsoho da ya kafe a taga. Siriri ne, kai fari fat, biro uku a aljihu. An ba shi maganinsa tun ɗazu, amma ya warware takardar cikin kwalin yana bin ta da yatsa kamar mai duba jarrabawa.

"'Yata," in ji shi ga mai ba da maganin, "mai shan maganin ƙwaƙwalwa, in za a yi masa allurar barci don tiyata, me za ki gaya masa?"

Ta amsa. Ya girgiza kai. "Sake."

Ina jin malamin haɗa magunguna ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bincike, ritaya ta raba shi da ɗalibai, ya huce a kanmu. Inna na can benci tana jirana.

Da ƙyar ya matsa. Ma'aikaciyar ta karanta takardar Inna, ta ga maganin ƙwaƙwalwa ne, ta ɗago. "Yaya, za a yi mata tiyata kwanan nan?"

Jibi ne, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu. Haushin tsohon na nan, na dai rasa inda zan sauke shi.